Saƙon Murya Bakwai da Ta Bar wa Baba

Akwatin ya dawo ranar Laraba, mako huɗu cif bayan ganin ƙarshe da aka yi wa mai shi. Ofishin jakadanci ne ya turo shi, an naɗe shi da leda, an manna masa takarda mai jerin abin da ke ciki: kaya kala huɗu, takalmi ƙafa ɗaya da ɗan'uwansa, maganin ciwon kai da na ciki, cajar waya, ɗan katakon tokare ƙofa, da fasfo. Mai akwatin ba ta dawo ba.

Mace ce 'yar shekara talatin da huɗu. Ita ke riƙe da maɗaba'ar mahaifinta tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, shekara uku ke nan. A gida da wurin aiki Manaja ake ce mata, suna ne da ya fara da tsokana har ya kama ta. Ta tafi wata ƙasa ita kaɗai, ƙasar da ba ta jin yarenta, don ta duba wani injin buga takardu da wani dillali ya tallata. An yi amfani da injin, amma a hoto yana da sauran ƙarfi, kuma nasu na gida ya haura shekara talatin yana aiki. Kwana goma ta shirya yi.

Ba wanda zai ce ba a yi shiri ba. Mako biyu kafin tafiyar, Baba ya sa aka tura kujerarsa bakin tebur, ya ce ta ɗauko biro. A ƙuruciyarsa ya sha fita waje sayen takarda da tawada, kuma bakinsa ne kawai ya yi nauyi, kansa yana nan daram.

"Rubuta," ya ce. "Na ɗaya."

"Baba, ba fa yaƙi za ni ba."

"Rubuta, Manaja. Har yanzu ni ne mai kamfanin."

Ta rubuta. Fasfo ya zauna a kulle cikin akwati, kwafinsa ne zai riƙa yawo a jikinta. Ta tokare ƙofar ɗaki daga ciki ko da akwai makulli. Kada ta shiga motar da ba ita ta kira ba. Kada ta gaya wa kowa ita kaɗai ce, in an tambaya ta ce mijinta yana cikin gari. Duk inda za ta, ta turo adireshi kafin ta fita. Yakan yi minti guda kafin ya haɗa jimla ɗaya, ita kuma ba ta ƙarasa masa, don ya tsani a ƙarasa masa magana.

Biyu na ƙarshe ya fi ja a kansu. Na tara: kullum da safe ta turo murya, ba rubutu ba, domin kowa zai iya ɗaukar wayar mutum ya yi rubutu. Na goma ba nata ba ne, na mutanen gida ne: in yini ɗaya ya wuce ba a ji murya ba, a kira ofishin jakadanci, kada a jira na biyu.

Manaja ta buga dokokin a kan ragowar kati, girman tafin hannu, ta sa musu leda. A bayan katin ta sa adireshin masauki, da lambar ofishin jakadanci, da lambar tsohuwar wayar tebur ta maɗaba'a. Baba ne ya nace a kan wannan, ya ce ita kaɗai ce lambar da ba ta taɓa canjawa ba. Kati biyu ta buga, ɗaya nata, ɗaya na ƙanwarta, Auta, wadda ke aiki a kantin magani kuma ita ke kwana gida da Baba.

Yayansu namiji, wanda ke aiki a wani gari, bai so tafiyar ba. Ya faɗa mata a waya.

"Ki bari in samu hutu mu je tare."

"Hutun da muke jira tun bara, Yaya?"

"Ke dai ba a gaya miki magana."

"Ana gaya min. Ga kati ma an buga."

Akwai wata hanya da gidan ya saba da ita, wadda ba a buga a katin ba. Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, likita ya ce a kiyaye masa tashin hankali, hawan jininsa ba zai ɗauki karo na biyu ba. Tun daga nan 'ya'yansa ba sa kai masa labari sai sun tace shi. Haka ma suke faɗa a tsakaninsu: a tace wa Baba. Rasuwar amininsa sai bayan wata biyu ya ji. Gobarar da ta ci sito ɗaya na takarda, an ce masa waya ce ta yi hayaƙi. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙarya, kulawa ce a wurinsu, kuma sun ƙware a kanta.

Ranar Asabar, jajibirin tafiya, Manaja ta ja Auta cikin sito na bayan maɗaba'a, ta rufe ƙofa. Ma'aikata suna gaba suna buga wani aiki na gaggawa.

"Riƙe wayar nan. Zan yi murya bakwai, ki ajiye."

"Na me?"

"In sabis ya ƙi can, ko layin bai hau ba. Kin san shi, ƙarfe takwas ta yi bai ji ni ba, sai ya ƙi shan magani. Ki sa masa ɗaya kafin in samu hanya."

"In ya gane fa?"

"Ina zai gane? Danna."

Suka yi ta yi suna dariya. Auta ce mai ba da shawara. Wannan ki ce abincinsu ba gishiri. Wannan ki ɗan yi tari, an ce sanyi ake yi can. Wannan ki tambayi ko an canja masa matashi. Sau biyu suka goge saboda dariya ta kuɓuce wa Manaja a tsakiya. Kowane saƙo bai kai rabin minti ba, kuma dukkansu da jimla ɗaya suke farawa: Baba, na tashi lafiya.

Ta tashi ranar Lahadi, ta sauka Litinin. Litinin da Talata ta turo murya ta gaske. A ta Talatar ana jin ƙarar jirgin ƙasa a bayanta, tana cewa ɗakin ƙarami ne amma da tsabta, katakon Baba ya shiga ƙasan ƙofa daidai kamar an auna.

Laraba da safe rubutu ne ya zo, kuma ga Auta kaɗai. Dillalin ya ce injin ba ya shago, yana wani babban sito a bayan gari. Zai turo mota ta ɗauke ta. Wai can sabis ba shi da kyau, kuma in za a kunna injin a gwada, yana iya kai su kwana biyu. Ta ƙare da cewa, ki sa wa Baba na farko. Ba ta turo adireshi ba. Auta ta tambaya, saƙon ya nuna ya shiga, ba a buɗe shi ba.

Ƙarfe takwas Auta ta kai wa Baba shayi da magani, ta kara masa wayar a kunnen hagu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ta sake sa masa. Ta sake. Ya ɗan jima yana kallon tagar, sannan ya miƙa hannu ya karɓi maganin.

Ta tura saƙon a guruf ɗin gida, zauren hirarsu na waya, kamar yadda ta tura na Litinin da Talata. Yaya ya amsa da hoton babban yatsa. Gwaggonsu ta rubuta addu'a.

Alhamis ta sa na biyu. Kwana biyu aka ce, ba a kai ba tukuna. Juma'a ta sa na uku, mai tarin. Bayan ta fito daga ɗakin Baba ta kira lambar Manaja sau shida, wata murya tana amsawa da yaren da ba ta ji. Ta kira lambar dillalin da ke kan tallar, tana shiga, ba a ɗauka. Katin yana cikin aljihun rigar aikinta, ta fito da shi a kanti ta karanta na goma, ta mayar.

Daga baya jami'in ofishin jakadanci ya tambaye ta dalilin da ya sa ba ta kira ranar ba. Ta ba shi amsa uku. Ta ɗauka gwajin injin ne ya ja lokaci. Ta san halin yayarta, in aiki ya ɗauke mata hankali ko abinci mantawa take. Ta uku ta faɗe ta ne bayan ya ajiye biro: in ta kira, Yaya zai ji, in Yaya ya ji, Baba zai ji, kuma zai ji cewa muryar da yake saurare kwana uku an ɗauke ta ne a bayan maɗaba'arsa.

Asabar Yaya ya kira gida. Auta tana tsaye tana riƙe wa Baba wayar.

"Baba, 'yar kasuwarka ta yi magana?"

"Ta yi."

"Yau?"

"Yau da safe."

"To madalla. Ni ko gaisuwa ba na samu, sai dai in ji a guruf."

"Aiki ne," in ji Baba.

Lahadi na biyar. Litinin na shida. Ranar Litinin ɗin Auta ta ba wata mata maganin da ba shi aka rubuta ba, mai kantin ya kama kafin matar ta fita, ya ce ta tafi gida ta huta. Ba ta je gida ba. Ta je maɗaba'a ta shiga sito ta zauna a kan ɗaurin takarda kusan awa guda. Tsohon da ke kan injin yanka ya leƙo ya tambaye ta yaushe Manaja za ta dawo, ta ce Alhamis.

Talata ta sa na bakwai. A cikinsa Manaja ta ce saura kaɗan ta dawo, a ajiye mata kujerarta kada Auta ta haye.

Laraba ba sauran abin sawa. Ƙarfe shida na safe ta kira Yaya ta gaya masa komai, a tsaye a tsakar gida, da murya ƙasa-ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi ranar ƙarshe da ta ji ta da gaske, ta ce Larabar da ta wuce.

"Karanto min lambar da ke bayan katin," ya ce.

Ofishin jakadanci ya ɗauki bayani ranar, jami'insu ya isa masaukin washegari Alhamis tare da ɗan sanda da mai fassara. Abin da ya rubuto bai cika shafi biyu ba.

Masaukin gida ne mai hawa uku a wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa, wata dattijuwa ke riƙe da shi. Ta tuna baƙuwar sarai. Ta ce ta fita Laraba da safe da ƙaramar jaka a kafaɗa, ta shiga wata mota da ke jira a bakin lungu. Launin motar ba ta riƙe ba, ko fara ko ruwan toka. Da aka tambaye ta me ya sa ba ta sanar ba da ta ga mako guda ɗaki a rufe, ta ce baƙuwar ta gaya mata tun ranar farko cewa mijinta yana cikin gari. Ta ɗauka wurinsa ta koma. Ɗakin kuma an kama shi na kwana goma, ba ta da dalilin buɗewa.

Akwai kyamara a saman ƙofar gidan, tana kallon bakin lungun daidai inda motar ta tsaya. Na'urar tana riƙe hoton kwana bakwai, sannan sabo ya hau kan tsoho. Hoton safiyar Larabar ya goge ranar Laraba, yini ɗaya kafin su zo.

Adireshin shagon dillalin na gaske ne, amma wanda ke wurin mai gyaran firiji ne, ya shekara shida a shagon, bai san wani injin buga takardu ba. Hotunan injin an same su a wata tsohuwar talla ta wani kamfani a wata ƙasa dabam. Lambar dillalin ta daina shiga tun yammacin Juma'ar da Auta ta kira. An duba asibitoci huɗu da ɗakin ajiye gawa biyu. A ɗakinta an tarar da gado a gyare, akwati a kulle, fasfo a ciki. Kwafin fasfon da katin ba sa ɗakin.

Yaya ya iso gida Alhamis da daddare. A ƙofar ɗakin Baba suka tsaya shi da Auta suna shawarar yadda za a tace. Yaya ya ce a ce jirgi aka ɗage. Auta ta ce jiya ta ce masa sabis ne, yau ma haka, ba zai ci gaba da karɓa ba.

"Ku shigo," in ji Baba daga ciki. "Ina jin ku."

Suka shiga. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara zancen jirgi. Baba ya ɗaga hannun hagu, ya tsayar da shi. Auta yake kallo.

"Yaushe rabonki da ita?"

Auta ta kai hannu ga wayarta.

"Ba na sito ba. Ita."

"Wane sito, Baba?" in ji Yaya.

"Injina," ya ce. Ya ɗauki lokaci kafin sauran su fito. "Yana bugu uku, ya yi ɗingishi a na huɗu. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ana jin sa a bayanta. Duk bakwai ɗin."

Auta ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

"Tun na farko ka sani?"

"Tun na farko."

"Me ya sa ba ka ce komai ba, Baba?"

"Na ɗauka kuna magana da ita. Na ce sabis ne ya hana murya, kuka yi min dabara." Ya goge gefen bakinsa da hankici. "Na ce in bar ku. Kun yi wahala a kaina. Kuma in na tona, yayanku zai hau ku da faɗa."

"Ka ce min ta yi magana," in ji Yaya. "Ranar Asabar. Na tambaye ka."

"Na ce."

"Da na sani ranar, da kyamarar..." Bai ƙarasa ba, domin Baba bai san da zancen kyamara ba tukuna.

"Wace kyamara?"

Suka kalli juna.

"Kada ku tace," in ji Baba. "Daga farko."

Auta ce ta faɗa, daga rubutun Laraba har mai gyaran firiji. Ta yi minti ashirin. Baba bai katse ta ba sai sau ɗaya, da ta zo kan dattijuwar masauki da zancen miji.

"Wannan tawa ce," ya ce. "Doka ta huɗu."

"Baba, ba kai ba ne."

"Ta huɗu ce. Ci gaba."

Da ta gama ya ce a kawo abin awon jini. Ta auna, jinin ya hau, amma bai kai inda likita ya tsoratar da su ba. Ya ce ta rubuta a littafin kamar kullum. Sannan ya tambaya ko an ga katin a ɗakin. Yaya ya ce ba a gani ba.

"To yana jikinta," ya ce. "Gobe ku kai ni wurin aiki."

Yaya ya nemi biza, an ba shi bayan kwana goma sha biyu. Ya yi mako guda can. Ya kwana a masaukin, a ɗakin da ke kusa da nata. Ya bi tashoshin mota da hotonta, ya zauna a ofishin 'yan sanda tare da mai fassara sau uku. An ba shi lambar fayil, an ce za a neme shi. Kullum da safe yana turo murya, kuma Baba ya sa sharaɗi: ya faɗi ranar da kwanan wata a farkon kowace, ya tsaya kusa da taga a ji titi. Ya dawo kwana ɗaya kafin akwatin.

Auta ba ta goge saƙonnin bakwai ba. 'Yan sandan can sun nemi a tura musu, an tura, sun ce ba su da amfani ga bincike tunda ba a ƙasarsu aka ɗauke su ba. Ta cire su daga guruf ɗin gida bayan gwaggonsu ta rubuta cewa ita ta yi mako guda tana amsa wa sito addu'a.

Maɗaba'a tana aiki. Tsohon mai yanka ne ke karɓar aiki yanzu, kujerar Manaja tana inda take. Kullum ƙarfe bakwai da rabi Auta tana tura Baba a kujerarsa, ta ajiye shi gefen teburin da wayar take, ta wuce kanti. An matso da wayar ɓangaren hagunsa. Tsohuwa ce, baƙa, mai igiya, ba ta nuna lambar mai kira. Masu kiranta ba su da yawa, galibi tsofaffin abokan ciniki ne da ba su yarda da wayar hannu ba. Baba yana ɗauka da kansa, in ya ji zancen aiki ne ya miƙa wa mai yanka.

Ranar Litinin da ta wuce, ƙarfe goma sha ɗaya saura, wayar ta yi ƙara sau biyu ta tsaya kafin hannunsa ya kai. Injin yana aiki a lokacin, ya sa aka kashe shi. Suka jira har la'asar, ba a sake kira ba. Mai yanka ya bi abokan cinikin da ke amfani da lambar ɗaya bayan ɗaya, su tara ne, takwas sun ce ba su ba ne, ɗaya ba a same shi ba.

Kamfanin waya ya ce zai iya fitar da lambar da ta kira, amma sai da takarda daga 'yan sanda. An kai takardar ranar Talata. Har yau ba su amsa ba.